3.2 Aikin Bishara na Gajeren Zango a Ƙasashen Waje

A wannan sashe za a yi bayani a kan wani salon aikin mishan wanda ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wato aikin bishara na gajeren zango. Abin da ake nufi da shi shi ne, mutum ko ayarin mutane su bar ƙasarsu su tafi wata ƙasa domin wa'azi ko aikin taimako na ɗan lokaci, daga mako ɗaya ko biyu zuwa shekara ɗaya ko biyu, sannan su koma gida su ci gaba da karatunsu ko sana'arsu. Galibi su ne suke nemo kuɗin tafiyar daga ikilisiyarsu da 'yan'uwa da abokan arziki.

Domin a gane bambancin wannan salo da wanda aka saba, yana da kyau a tuna da 'yan mishan na farko da suka nufo ƙasar Hausa. A shekarar 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Ikko da niyyar shiga cikin ƙasa. Kafin ƙarshen 1894 biyu daga cikinsu sun rasu, Bingham ne kaɗai ya rage. Shi kuwa Dokta Walter Miller, sai da ya je Turabulus ya koyi Hausa kafin ya zo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna shekaru masu yawa a Zariya, har ya yi aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa wadda ta fito a 1932. Waɗannan mutane sun zo ne da niyyar zama, kuma koyon harshe shi ne matakin farko na aikinsu.

Sauƙin tafiya ta jirgin sama shi ya buɗe ƙofar sabon salon. A 1957 wani ɗalibi Ba'amurke, George Verwer, ya yi hutun makaranta a Mekziko tare da abokansa biyu suna raba Bisharar Yohanna. Daga wannan tafiya ce ƙungiyar Operation Mobilisation ta samo asali, wadda a 1970 ta sayi jirgin ruwa mai suna Logos domin kai littattafai tashoshin ruwa na duniya. A 1960 kuma Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission domin tura matasa. Abin ya yaɗu ƙwarai, har masanin zamantakewa Robert Wuthnow ya ƙiyasta a 2009 cewa Amurkawa kimanin miliyan 1.6 ne suke irin wannan tafiya a kowace shekara.

Sai dai masana sun yi ta muhawara a kan amfanin abin. Kurt Ver Beek ya yi nazarin gidajen da aka gina a Honduras bayan guguwar Mitch ta 1998. Ya gano cewa ayarin baƙi yakan kashe kimanin dala 30,000, mafi yawa a kuɗin jirgi da masauki, wajen gina gidan da ƙungiyar 'yan ƙasa za ta gina da kimanin dala 2,000. Bugu da ƙari, magina 'yan ƙasa sun rasa aikin da da su ne za su yi. Wannan zargi yana da nauyi, to amma a ra'ayin mai wannan bincike matsalar harshe ta fi ta kuɗi girma. Wanda ya zo na mako biyu ba zai iya fahimtar gaisuwa da alkunya da habaici ba, balle ya gane lokacin da "to" take nufin amincewa da lokacin da take nufin a bar maganar. Duk abin da zai faɗa sai ta bakin tafinta, kuma tafintan nan, wanda sau da yawa ba a ambaton sunansa a rahoton da ake kai wa gida, shi ne ainihin mai wa'azin. Shi zai zaɓi kalma, shi zai sassauta abin da zai ɓata wa masu sauraro rai, kuma shi za a tuhuma bayan baƙi sun tafi.

Inda aikin ya fi yin ma'ana shi ne inda baƙon ya shiga ƙarƙashin wata cibiya da ta daɗe a wurin. Misali shi ne asibitin Galmi da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wanda SIM ta buɗe a 1950. Likitan fiɗa da ya zo na wata ɗaya yakan tarar da ma'aikatan jinya Hausawa, da ɗakin fiɗa, da tsarin duba majiyyaci bayan an sallame shi. Aikinsa shi ne ya cike giɓin likitan da ya tafi hutu, ko ya koyar da wata dabara da ba a da ita. Idan ya koma ƙasarsu, waɗanda suka karɓe shi su ne za su cire zaren ɗinki, su kuma amsa tambayoyin dangin majiyyaci da harshen da suke ji.