Wa Ya Kamata Ya Zo Farkon Jumlar Turanci?

Malaman Turanci da yawa ba sa ganin jumlar da ta fara da karɓau, wato wanda aka yi wa aikin, su ƙyale ta, sai sun bi ta da jan biro. Turawa na kiran wannan siga passive, wadda aikau, wato mai yin aikin, ke zuwa gaba kuwa active. Fatawar guje wa sigar karɓau tana da asali: ɗan littafin William Strunk na 1918, wanda E. B. White ya sabunta a 1959, da maƙalar George Orwell ta 1946 a kan siyasa da harshen Ingilishi.

To amma su kansu masu fatawar ba su bi ta ba. Maƙalar Orwell cike take da sigar da ya hana. A 2009 kuma masanin harshe Geoffrey Pullum ya nuna cewa cikin misalai huɗu da littafin Strunk da White ya jera don a gyara, uku ba sigar karɓau ba ne sam.

Abin da kunnen Bature ke nema daban ne. Yana son jumla ta fara da abin da aka riga aka sani, sabon labari ya zo ƙarshe. Idan kana ba da tarihin Nelson Mandela, “Mandela was released in 1990” ita ce daidai, domin a kansa ake magana. Ka jawo gwamnatin Afirka ta Kudu gaba, ka karkatar da hankalin mai karatu daga mutumin da yake bi. Haka ɗan kimiyya a rahoton gwaji: ruwan da aka tafasa ne abin dubawa, ba hannun da ya kunna wuta ba.

Bahaushe bai rasa makamancin wannan ba. Muna cewa “an kama ɓarawo”, muna cewa “tuwo ya dafu”, ba tare da ambaton mai aikin ba. Inda ɗalibanmu ke tuntuɓe shi ne mayar da “an” zuwa “they”, sai mai karatu ya tsaya neman su wane ne. A nan sigar karɓau ce magani.

Laifinta na gaske guda ne, kuma babba ne: ɓoye mai alhaki. A 1987, bayan da badaƙalar sayar wa Iran makamai ta fallasa, Shugaba Ronald Reagan ya gaya wa majalisar Amurka cewa an tafka kurakurai, bai ce wa ya tafka ba. Irin wannan jumla ce ke cika sanarwar hukumomi duk lokacin da kuɗi suka ɓace ko rayuka suka salwanta, kuma ita ce ta cancanci jan biro.

Don haka ina kira ga malamanmu da editocinmu, kafin a soke wa ɗalibi jumla a tambaye shi a kan wa yake magana, kuma ko akwai wanda ya ɓoye.