Tsohon Cocin Ƙauyen Ingila da Gidan Gado

Duk wanda ya taso a gidan gado ya san ba rana ɗaya aka gina shi ba. Kaka ya yi zaure da tubali, ɗansa ya ƙara ɗakuna, jika ya zo ya sa kwano, ga kuma tsohon turmi a lungu, ba a daka a ciki, ba a kuma yarda a jefar ba. Haka tsofaffin coci-cocin ƙauyukan Ingila suke. Sai ka ga ƙofa mai zagayayyen baka irin ta Normawa, waɗanda suka ci ƙasar a 1066, kusa da ita kuma ga taga mai tsinin baka da jikokin jikokinsu suka huda.

Rumfar bakin ƙofa ita ce zaurensu, a da nan ake fara ɗaurin aure, nan ake ƙulla yarjejeniya. Da ka shiga za ka ci karo da kwamin dutse na baftisma. Daga nan sai babban ɗakin jama'a, can ƙuryar gabas kuma wurin limamin coci, an raba su da shingen katako mai sassaƙa. A da har gyara ma an raba: jama'ar gari su kula da nasu ɓangaren, limami ya ji da nasa. Shi ya sa wani lokaci za ka ga gefe ɗaya ya sha ado, ɗayan kuwa sai a hankali.

A Long Melford da ke yankin Suffolk, attajiran da suka yi arziki da saƙar ulu ne suka sake gina cocinsu a ƙarshen ƙarni na 15, suka kuma sa aka rubuta sunayensu a jikin bango daga waje. Mai kuɗi dai ko'ina yake yana son a san da shi.

A lungun irin waɗannan coci-coci akwai akwatin katako mai ɗaurin ƙarfe. A 1538 Thomas Cromwell, na hannun daman Sarki Henry na 8, ya ba da umarnin a riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza a littafi, a kulle shi cikin akwati da makulli biyu, ɗaya wurin limami, ɗaya wurin wakilan jama'a.

Gidan gado kuwa ba ya rasa rigimar magada. Da guguwar sauyin addini ta taso a ƙarni na 16, aka karya siffofi, aka shafe zane-zane da farar ƙasa. A ƙauyen Wenhaston, a 1892, masu gyara suka ciro wasu tsofaffin alluna suka yar a waje don a ƙone. Ruwa ya kwana yana dukansu, farar ƙasar ta wanke, sai ga zanen ranar hisabi da aka yi wajen shekarar 1500. Aka mayar da allunan ciki, suna nan a jikin bangon cocin har yau.