Tsohuwar mota: a riƙe ko a saida?

Da tsohuwar zuma ake magani, amma tsohuwar mota sai da lissafi. Mai a-kori-kura, irin su Hilux, da ke kai hatsi kasuwannin Maraɗi, ya duba abu 3: inji, birki da shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da motar. Inji da birki suna gyaruwa. Amma in shasi ya tsage, ɗora kaya ganganci ne da rai.

Sannan ka ɗauki littafi. Wata 3, rubuta kuɗin da ta kawo, da wanda mai da gyara suka ci. In makanike ya fi ka samu, saida ta. In tana ciyar da gida, riƙe ta, ka rage mata lodi.