TIROL TA KUDU: LARDIN DA KOWANE GARI KE DA SUNA BIYU

Duk wanda ya shiga jirgin ƙasa daga birnin Verona na ƙasar Italiya ya nufi arewa, kafin awa biyu zai ga abin da zai ɗaure masa kai. Bai tsallake wata iyaka ba, amma allon kowace tasha sai ya gan shi da suna biyu. Babban birnin wurin, Italiyawa suna ce da shi Bolzano, masu jin Jamusanci kuwa Bozen. Merano shi ne Meran, Bressanone kuma shi ne Brixen. In ya kutsa cikin waɗansu kwaruruka ma, sai sunan ya zama uku.

Wannan wuri shi ne Tirol ta Kudu, wadda Italiyawa suke kira Alto Adige. Lardi ne a tsakiyar duwatsun Alps, a kan iyakar Italiya da Ostiriya da Suwizalan. Faɗinsa murabba'in kilomita 7,400, mutanensa kuwa sun ɗan haura 500,000. Bisa ga ƙidayar 1910 da ta gabaci yaƙi yawancinsu masu Jamusanci ne, haka kuma ƙidayar 2011 ta nuna: kashi 69 daga cikin ɗari Jamusanci ne harshensu, kashi 26 Italiyanci, kashi 4 da rabi kuwa Ladin, watau wani tsohon harshe da ya samo asali daga Latin na Rumawa, wanda ake yi a kwarurukan Gardena da Badia.

ASALIN AL'AMARIN

Baƙo zai ɗauka sunayen nan ado ne. To, ba a samu haka ta daɗi ba. Ɗaruruwan shekaru ƙasar tana ƙarƙashin sarakunan Ostiriya, sai da aka gama Yaƙin Duniya na Farko aka miƙa ta ga Italiya a 1919, ba tare da an tambayi mutanenta ba. Da Musolini ya hau mulki a 1922, sai ya sha alwashin mai da su Italiyawa ƙarfi da yaji. Aka hana Jamusanci a makarantu da kotuna da ofisoshi, aka laƙaba wa dubban garuruwa da koguna da duwatsu sunayen Italiyanci waɗanda wani mutum, Ettore Tolomei, ya tsara. Iyaye suka koma koya wa 'ya'yansu karatu a ɓoye, cikin ɗakunan ajiya da rumbuna.

A 1939 Hitila da Musolini suka ƙulla yarjejeniya, aka ce kowa ya zaɓa: ko ya bar gonar ubansa ya ƙaura Jamus, ko ya zauna ya bar harshensa. Fiye da kashi 80 daga cikin ɗari suka zaɓi tafiya, mutum wajen 75,000 suka tafi kafin yaƙi ya tsai da abin. Wannan zaɓi ya raba wa da ƙane, ya raba maƙwabta.

Bayan yaƙi, a 1946, Italiya ta yi alkawarin ba su 'yancin gudanar da harkokinsu, amma mutanen suka ga alkawarin bai cika ba. Ostiriya ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, kuma a dare ɗaya cikin watan Yuni na 1961 waɗansu 'yan lardin suka fasa turakun wutar lantarki 37 da nakiya. An yi hasarar rayuka a shekarun da suka biyo baya. Sai a 1972 aka kafa dokar cin gashin kai, wadda shugaban lardin, Silvius Magnago, ya yi shekaru yana neman ta a teburin shawara. A 1992 Ostiriya ta shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya rigima ta ƙare.

YADDA SUKA RABA

Sulhun nan a rubuce yake dalla-dalla. Aikin gwamnati ana raba shi ne gwargwadon yawan masu kowane harshe, kuma mai neman aikin sai ya ci jarrabawar Jamusanci da Italiyanci. Kowa yana da ikon a saurare shi a kotu ko ofis da harshensa. Wajen kashi 90 daga cikin ɗari na harajin da aka tara a lardin a nan yake zama, abin da ya taimaka wurin ya shiga sahun lardunan da suka fi arziki a Italiya.

Amma fa akwai sauran rina a kaba. Makarantun Jamusanci daban, na Italiyanci daban, saboda haka yara suna iya tashi unguwa ɗaya ba su zauna aji ɗaya ba. Mutanen Ladin kaɗai ne suke karatu rabi da Jamusanci rabi da Italiyanci, ga kuma nasu harshen. Wanda uwarsa Ba'italiya ce, ubansa mai Jamusanci, tilas ya zaɓi ɓangare ɗaya in yana son aiki. Wani sanannen ɗan siyasar lardin, Alexander Langer, ya ƙi zaɓa, aka hana shi tsayawa takarar magajin garin Bolzano a 1995. Maganar sunayen Tolomei ma har yau ba ta mutu ba.

ABIN DA BAƘO ZAI GANI

A Bolzano ya kamata a fara, inda kusan kashi uku cikin huɗu na mazauna masu Italiyanci ne, alhali ƙauyukan kewaye Jamusanci suke yi. A gidan kayan tarihi na birnin aka ajiye Otzi, busasshiyar gawar wani mutum da ya rayu shekara 5,300 da suka wuce. A 1991 aka tsince shi cikin ƙanƙara a kan dutse, da gatarinsa na jan ƙarfe da kwarinsa da bakansa. Sai a 2001 likitoci suka gano kan kibiya a kafaɗarsa ta hagu, watau ke nan kashe shi aka yi.

Daga gabas akwai duwatsun Dolomite, farare masu tsini, waɗanda suke rikiɗa su yi ja da faɗuwar rana. Hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren gadon duniya a 2009. Ba sai mutum ya iya hawan dutse ba, don akwai akwatunan fasinja masu tafiya a kan igiyar ƙarfe da za su kai shi Alpe di Siusi, wata makekiyar makiyaya a bisa. A kwarin Gardena kuma zai tarad da masassaƙa waɗanda suka gaji sana'ar tun ƙarni na 17.

Daga yamma, a tafkin Reschen, hasumiyar wata tsohuwar majami'a ce tsaye ita kaɗai a tsakiyar ruwa. Ita ce abin da ya rage na ƙauyen Graun, wanda aka nutsar a 1950 domin madatsar wutar lantarki. Har ila yau, makiyayan kwarin Schnals sukan kora dubban tumaki su tsallake ƙanƙara zuwa Ostiriya cikin watan Yuni, su komo cikin Satumba, kamar yadda kakanninsu suka yi tun kafin a shata iyaka. Ƙasan kwaruruka kuwa gonakin tuffa ne da inabi iyakar ganin ido.

GA MAI NIYYAR ZUWA

Bizar Italiya ta isa. Watan Yuni da na Satumba sun fi daɗi, don a watan Agusta baƙi sukan yi yawa har a taƙaita shigar motoci waɗansu wurare, kamar tafkin Braies. Ko da bazararsu ce, a riƙe rigar sanyi, saboda bisa dutse yanayi yana juyawa nan da nan. Wanda ba ya cin naman alade ya lura da abin da ake kira speck, don sukan sa shi har cikin miya da dunƙulen burodi, sai an tambaya kafin a ci.

Batun gaisuwa kuwa, mai karatu ya riƙe wannan: a saurara a ji da wane harshe mai gida ya fara, sa'an nan a amsa masa da shi ko da kalma ɗaya ce. Mutanen da aka taɓa hana kakanninsu magana da harshensu ba su ɗauki wannan ƙaramin abu ba.