Samuel Ajayi Crowther: Bawan Da Ya Zama Bishop

A shekarar 1821 ne mahara suka kama Ajayi, yana ɗan yaro, a garin Osogun na ƙasar Yarabawa, suka sayar da shi. A 1822 sojojin ruwan Ingila suka kuɓutar da shi a teku, suka sauke shi a Saliyo, inda ya yi karatu.

A 1864 aka naɗa shi bishop a Canterbury, baƙar fata na farko a Cocin Anglika. Shi ne ya jagoranci fassara Baibul zuwa Yarabanci.

To amma a 1890 wasu matasan Turawan mishan suka dakatar da limamansa a Onitsha, suka zubar masa da girma. Ya rasu a Ikko a 1891. Sai a 2014 ne shugaban cocin, Justin Welby, ya nemi gafara bisa wannan wulaƙanci.