Tsohon Jiki, Sabon Inji: Yadda Ake Sabunta Motocin Alfarma na Birtaniya

A shekarar 1958 an buga wata tallar mota a Amurka wadda har yau masu koyon aikin talla suke nazarinta. Tallar ta ce idan sabuwar Rolls-Royce tana gudun mil 60 a awa, ƙarar da ta fi damun na ciki ita ce ta agogon motar. Wato abin da kamfanin yake alfahari da shi shi ne shiru. Ku riƙe wannan a zuciya, domin za mu dawo kansa.

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar Rolls-Royce ta fadar Kano ya san irin motocin da muke nufi: doguwa, mai faffaɗan ƙirji, tana tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. Ɗaya daga cikin manyansu ita ce Phantom V, wadda aka ƙera a Ingila daga 1959 zuwa 1968. Tsawonta ya kai mita 6, kuma ɗari biyar da 'yan kai kawai aka yi. Sarauniya Elizabeth ta biyu ta hau ta, mawaƙi John Lennon ma ya mallaki tasa. Kamfanin yakan ƙera inji da ƙashin motar ne, sannan wasu gwanaye irin su Park Ward da James Young su ɗora mata jiki da hannu.

Matsalar ita ce tsufa. Injin yana shan fetur kamar raƙumin da ya fito daga sahara, kayan gyara suna wuya, birkin kuma na wani zamani ne.

Nan ne wasu kamfanoni suka shigo. Lunaz, wanda aka kafa a 2018 a Silverstone, ya nuna wata Phantom V ƙirar 1961 a shekarar 2020 bayan ya cire mata injin fetur ya sa na lantarki. Kamfanin ya ce caji ɗaya zai kai ta kimanin kilomita 480. An sa mata na'urar sanyaya iska da intanet da allon kallo, amma an ɓoye su cikin katako da fata yadda ido ba zai yi saurin gane su ba. Farashi kuwa daga fam dubu 500 ya fara. Mun dai karanta, mun yi shiru.

Kada ku ɗauka aikin cire wannan a sa wancan ne kawai. A tsohuwar mota abubuwa da yawa a jikin inji suke rayuwa. Ɗumin da ake samu lokacin sanyi daga ruwan injin yake fitowa. Famfon da ke sassauta sitiyari injin ne yake juya shi. A tsofaffin Rolls-Royce har abin da ke ƙara wa birki ƙarfi daga akwatin giya yake samun motsi. Da zarar an fitar da injin da akwatin giyar, duk waɗannan sun mutu, sai an nemo wa kowanne sabuwar hanya. Ga kuma nauyi. Batir kaya ne mai nauyin gaske. Idan aka jibge shi gefe ɗaya, motar za ta riƙa fizga a kwana. Shi ya sa injiniyoyi suke kwance motar kaf, su auna ta, su ɗauki siffarta da kwamfuta, sannan su raba batiran tsakanin gaba da ƙasa ko baya. Lissafin nauyi da daidaito da kuke hamma a kansa a darasin kimiyya, shi ne abincin waɗannan mutane.

Wani kamfanin, Electrogenic, da ke kusa da Oxford, ya yi wa Phantom II ƙirar 1929 ta ɗan fim Jason Momoa irin wannan aiki. Ya kuma yi shi yadda za a iya mayar da tsohon injin in an so.

Wannan batu na mayarwa ba ƙarami ba ne, domin akwai masu ganin aikin a matsayin ɓarna. A 2019 ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta bayyana cewa motar da aka sauya wa inji zuwa lantarki ta fita daga jerin motocin tarihi a wurinta. Hujjarsu tana da ƙarfi: injin ma aikin hannun magabata ne, kuma motar da aka ƙera guda ɗari biyar kacal ba abin gwaji ba ce.

Mu dai a ganinmu, idan motar ta riga ta ruɓe a gareji, ko kuma an adana injinta ba a yanka ƙashinta ba, sabuntawar ba laifi. Sannan ku tuna da tallar 1958. Injiniyoyin Rolls-Royce sun shekara da shekaru suna yaƙi da ƙara da girgiza, injin lantarki kuwa kusan ba ya yin ko ɗaya. Shi kansa kamfanin ya fara miƙa wa masu saye motarsa ta farko mai lantarki zalla, Spectre, a 2023.