Diyyar Haɗarin Mota Ta Yi Maka Kaɗan? Saurara Kafin Ka Ɗaukaka Ƙara

Maganar yau a gidanmu ta faru.

Wani ɗan baffana yana kan babur, motar haya ta buge shi a titin Kano zuwa Jos, dab da shiga Tudun Wada. Ƙafa ta karye wuri biyu. Aka kai ƙara Babbar Kotun Jiha, aka sha zarya, ƙarshe alƙali ya ce direban ne da laifi, ya yanka diyya. Da yaron ya ji adadin sai ya ce min, "Yaya, wannan ko kuɗin jinya bai kai ba, gaba zan yi." Ni ma da zafina na ce a yi. Sai da lauya ya zaunar da mu.

Ashe Kotun Ɗaukaka Ƙara ba sake shari'a take yi daga farko ba. Abin da aka rubuta a kotun ƙasa shi take dubawa, kuma da wuya ta karɓi sabuwar shaida.

To, diyyar kanta iri biyu ce. Akwai ta abin da ka kashe ko ka rasa: asibiti, magani, gyaran babur, kwanakin da ba ka fita nema ba. Wannan dole ka lissafa ta ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, ka kuma tabbatar da ita. Nan muka faɗi. Wajen mai ɗori aka fara kai shi, wa zai ba ka rasit a can? Na kemis kuwa duk an zubar. Kuɗi sun fita, amma a idon kotu kamar ba su fita ba.

Ta biyu ita ce ta raɗaɗi da nakasa, wadda alƙali ke ƙiyastawa. Kotun sama ba ta taɓa ta don kawai ranka bai so ba, sai in alƙalin ya saɓa ƙa'idar doka, ko adadin ya yi ƙanƙanta ko yawan da hankali ba zai ɗauka ba.

Kuɗin ɗawainiyar shari'a fa? Galibi wanda ya faɗi ake ɗora wa, amma ba kasafai yake rufe kuɗin lauya ba. In shi kaɗai kake ƙorafi a kai, sashe na 241 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai ka nemi izinin kotu tukuna. In kuma ka faɗi a sama, ana iya ɗora maka wani.

Lokaci ma yana gudu: wata 3 ne daga ranar hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu.

Ɗan baffan nawa dai ya haƙura da ɗaukaka ƙara. Yanzu fafutukar da muke yi ita ce a biya shi abin da aka yanka, don har yau rabi kawai ya shigo hannu.